LAUNI MAI DUHU A CIKIN ƊAKI: A AUNA HASKE KAFIN A SAYI FENTI

Tun da siminti da kwano suka yawaita a garuruwanmu, wanda ya gama gini ba ya shawara da kowa game da launin da zai shafa a ciki. Fari ne, ko ruwan madara, ko shuɗi mai haske irin na asibiti. Amma a 'yan shekarun nan wani yayi ya ɓullo daga Turai da Amurka, watau shafe ɗaki da launi mai duhu, kamar shuɗi baƙi-baƙi irin na turkuɗi, ko kore mai duhu, ko ruwan hanta, ko ruwan toka mai kusan gawayi. Waɗansu sun gani a hotuna sun yi sha'awa, waɗansu kuwa sun ce wannan mai da ɗaki kabari ne. Da ya ke fenti ba shi da arha, kuma akawu ko malamin makaranta ba kullum ya ke da halin sake shafe ba, mun ga ya kamata mu auna maganar kafin wani ya zuba albashinsa a bango ya koma yana cizon yatsa.

Da farko dai, launi mai duhu ba baƙo ba ne a ɗakin Bahaushe. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san makuba. Ɓawon ɗorawa a ke jiƙawa har ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, sa'an nan magina su kwaɓa ƙasar shafe da shi, mata kuma su yayyafa shi a kan burji ranar daɓe, suna duka da madaɓi. Abin da ke faruwa shi ne, akwai wani sinadari mai bauri a ɓawon, ɗan'uwan wanda majema ke nema a bagaruwa, in ya gamu da ƙarfen da ke cikin jar ƙasa sai launi ya yi duhu, daɓen kuma ya yi ƙarfi da sheƙi. Har yau in Bahaushe ya ce abu ruwan makuba ne, kowa ya gane launin. Haka kuma idonmu ya daɗe da girmama shuni. Baturen nan Barth, da ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta labarin yadda a ke kai rinannen tufa na ƙasar Kano wurare masu nisa.

Kakanninmu kuwa ba da ka suka yi haka ba. A ƙasar da rana ke kashe ido tun daga hantsi har la'asar, ɗaki wurin hutun ido ne. Saboda haka su kan yi bango mai kauri da 'yar taga a sama. Amma ba su bar duhu shi kaɗai ba, sai da suka ba shi abokin zama. A ɗakin amarya jeren tasoshi da langa da fanteka su ne ke kama ɗan hasken da ya shigo su watsa shi. A manyan soraye kuma zanen da a ke tayarwa a jikin bango inuwa ce ke fito da shi. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya ga yadda haske kaɗan ke bayyana ƙirar ginshiƙai da bakan gizo.

Su ma Turawa abin ya sha juyawa a wurinsu. A zamanin Sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, gidajen Ingila cike su ke da jan bango da kore mai duhu. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne hayaƙin kwal da na fitilun gas ba ya barin farin bango ya daɗe da farinsa. Da lantarki ya yaɗu sai ra'ayi ya sake, har cikin 1925 wani mashahurin mai tsara gini a Faransa, Le Corbusier, ya yi kira a rubuce cewa kowa ya shafe ɗakinsa da fari. Watau launin bango a ko'ina yana bin irin fitilar da mutane ke da ita, da irin ranar da ke ƙasarsu.

To, a nan ne lissafi ya shigo. Bango ba ya ba da haske, sai dai ya mayar da wanda ya faɗa masa. Farin fenti ya kan mayar da kamar kashi 80 cikin 100, ko fiye. Shuɗi mai duhu ƙwarai kuwa sau da yawa bai kai kashi 10 ba, saura duk ya shanye. Ke nan fitilar da ta ishi farin ɗaki ba za ta ishi baƙin ɗaki ba. Hotunan da a ke gani na irin waɗannan ɗakuna an ɗauke su ne a gidaje masu manyan tagogi da fitilu huɗu ko biyar, inda wuta ba ta ɗaukewa. Malamin da zai duba littattafan yara hamsin da dare, da fitilar caji ɗaya, ga 'ya'yansa na bitar karatu a gefensa, in ya kwaikwayi hoton nan ya cuci idonsa da nasu.

Akwai masu tsoron cewa baƙin fenti zai ƙara wa ɗaki zafi. Wannan gaskiya ne a waje, domin rufi ko bangon da rana ke duka in baƙi ne ya kan sha zafi ƙwarai, saboda haka fari ya fi dacewa da bayan gida. Amma bangon ciki, wanda rana ba ta taɓawa, launinsa ba ya ƙara wani zafin kirki. Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne sauro, gama shi da rana lungu mai duhu ya ke nema ya laɓe. Wanda ya zaɓi duhu lalle ya sa raga a tagoginsa, ya kuma riƙe gidan sauro. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda ba ta ɓuya a jikin baƙin bango kamar yadda ta ke ɓuya a ruwan madara.

Ga shawarar da mu ke ba mai sha'awar wannan ado. Ya ware ɗakin aiki da na hutu. Inda a ke karatu, ko ɗinki, ko girki, a bar shi da haske. Ɗakin kwana da ɗakin baƙi su ne wurin duhu. A cikinsu ma ba dole ba ne a shafe kusurwa huɗu, bango ɗaya ya isa, ko kuwa a yi duhu daga ƙasa zuwa ƙugu, inda hannun yara da bayan kujera ke ɓatawa, a bar sama da silin fari fat. A zaɓi fenti na ruwa marar ƙyalli, domin na mai, in launinsa ya yi duhu, ya kan tona duk wani tudu da kwari da magini ya bari. A kuma nemo wa duhun abokin zama kamar yadda iyayenmu mata suka yi: tasa ta tagulla, ko madubi daura da taga, ko farar tabarma, ko farin labule na saƙi.

Abu na ƙarshe, gani ya kori ji. Kafin a sayi babban bokiti a sayi ƙaramin gwangwani, a shafa kamu biyu a bangon da a ke nufi, a bar shi ya bushe. A dube shi da safe, da azahar, da kuma bayan isha'i da fitilar da a ka saba kunnawa, ba da wadda a ke fatan saye ba. Wanda ke gidan haya ko gidan gwamnati ya nemi izini tukuna, domin mai da baƙin bango fari ya kan ci shafe biyu ko uku, kuma ran tashi shi za a ce ya biya. Mai sabon gini kuwa ya tuna da cewa tun ran gini ran zane: in yana son ɗaki mai duhun launi, tun wajen fitar da taga zai gaya wa magini.