Wa ke amsa tambayoyin binciken intanet a karkarar Kano?

Da rani, manomin da ke noman ban-ruwa a gefen dam ɗin Watari a ƙaramar hukumar Bagwai kan wuni a gona, wayarsa tana aljihu ko tana wajen mai caji. Idan baƙuwar lamba ta turo masa saƙo ta WhatsApp cewa ya latsa ya amsa wasu tambayoyi, da wuya ya kula. Data kuɗi ce. Ga kuma tsoron 'yan damfara, waɗanda suka daɗe suna yaɗa irin wannan saƙo da sunan tallafin gwamnati.

Hanyar da mai bincike ya bi ya sallama wa mutum takan yanke ko za a amsa masa, tun kafin a kai ga tambayar.

An ga haka a watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, da Bankin Duniya sun so sanin halin da magidanta ke ciki, sai suka zaɓi kiran waya. Kuma ba su kira da ka ba. Gidajen da ma'aikatan hukumar suka taɓa ziyarta ƙafa da ƙafa a 2018 da 2019 aka nema, inda tun a lokacin aka karɓi lambobin mutanen gidan, har da na maƙwabci ko ɗan'uwa saboda ko-ta-kwana. Cikin gidaje 3,000 da aka zaɓa, 1,950 sun amsa tambayoyin har ƙarshe, wato kashi 65 cikin 100.

A Amurka kuwa, inda cibiyar Pew ta riƙa kiran mutanen da ba su san ta ba, masu amsawa sun ragu daga kashi 36 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018.

Asusun UNICEF ya bi wata hanyar da shirinsa na U-Report, wanda ya shigo Najeriya a 2014: saƙon tes kyauta zuwa 24453, ko da ƙaramar waya. Wannan ya kawar da matsalar data, amma sai wanda ya iya karatun boko. Dattijon da ajami kaɗai ya sani yana waje. Haka matar auren da ba ta da waya sai ta maigida, wadda ke fita da shi tun da safe.

Matsalar ita ce, da irin waɗannan alƙaluma hukumomi da ƙungiyoyin agaji ke tsara aikin lafiya da tallafin noma. Idan samarin birni masu manyan wayoyi ne suka fi amsawa, rahoton zai fito da sunan mutanen jihar Kano baki ɗaya, alhali ba a ji ta bakin mai ban-ruwa a Watari ba.