Ɓeran Masar: Mun Zaci Farfaɗiya Ce, Ashe Murna Ce

A gidanmu da ke unguwar Briketeri a Yawunde, ba a buɗe leda a ɓoye. Da zarar maman yara ta dawo daga kasuwar Mokolo ta taɓa ledar kayan miya, sai ka ji "kwii! kwii! kwii!" daga bayan ɗaki kamar ana busa usur. Ɓerayen Masar ɗin autarmu ne ke shelar cewa sun ji, a kawo rabonsu.

Shekara guda ke nan da zuwan na farko. Wata maƙwabciyarmu 'yar Jihar Yamma, inda ake kiwonsu a madafa don nama, ita ta ba yarinyar ɗaya kyauta a cikin kwali. Ranar kuwa Hajiya, mahaifiyata, ta ce atafau. Ta ji cewa sunansa da Faransanci "aladen Indiya" ne, da Ingilishi kuma "aladen Gini".

"Ba za a kwana da alade a gidan ɗana ba," in ji ta.

Sai da na zauna na yi mata bayani. Ba abin da ya haɗa shi da alade sai suna. Yana cikin dabbobi masu gaigayar abu da haƙoran gaba, irin su kurege da beguwa. Kuma ba daga Indiya ya fito ba, ba Gini ba, ba ma Masar ɗin da mu Hausawa muka laƙaba masa ba. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda aka yi dubban shekaru ana kiwonsa kafin a kai shi Turai a ƙarni na 16.

Hajiya ta yi shiru, can ta ce: "To, wanda kowa ya yi wa ƙaryar gari, a bar shi ya huta."

Sai dai baƙon bai ba mu dariya ba da farko. Mako biyu yana laɓe a lungun kwali, ba motsi, ba kuka, abinci ma sai dare ya yi. Yarinya ta shiga damuwa, ta dawo daga lekol ta zauna gabansa tana hawaye, wai ba ya son ta. Na je wurin wani likitan dabbobi, tambayarsa ta farko ita ce: "Shi kaɗai ne?" Dabba ce mai rayuwa cikin garke, kaɗaici na cin ta. A Suwizalan ma, tun 2008 doka ta hana mutum ya ajiye guda ɗaya tilo.

Muka samo na biyu, shi ma namiji. Kwana uku bayan nan na ji ihu daga tsakar gida: "Baba, zo! Farfaɗiya ta kama shi!" Na fito a guje. Ga shi nan yana zabura sama da ƙafa huɗu, ya murɗe jiki a iska, ya dira yana kallon wani gefen, ya sheƙa da gudu, ya sake zabura. Hajiya har ta fara salati. Na buga wa likita waya, ya saurara, sai ya fashe da dariya. Ya ce murna ce tsantsa, masu kiwo na kamanta wannan tsalle da yadda gugguru ke tashi a tukunya. Tun ranar sunansa ya zama Gugguru.

Na biyun halinsa daban. Yakan taka a hankali yana rangaji da ƙugu, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, don a san shi ne babba. Yara suka sa masa Mai Unguwa. Amma cokali ya faɗi a ƙasa, Mai Unguwa ne kan fara daskarewa kamar gunki, sannan ya rigayi kowa shiga rami. In aka huda musu kwali gaba da baya, sai su yi ta bin juna a layi, shiga nan fita can, kamar jirgin ƙasan Ngawundere.

Abin da na koya shi ne, wasan nan ba na banza ba ne, shi ne ma'aunin lafiyarsu. Dabba ce mai ɓoye ciwo, don a daji mai rauni ake fara kamawa. Ranar da ledar cefane ta yi ƙara ba a amsa ba, to a duba. Kamar mu mutane, jikinsu ba ya haɗa bitamin C, dole kullum su sami ɗanyen ganye ko ɗan tattasai. Haƙoransu 20 ba sa daina tsiro, ciyawa ce ke rage musu tsawo, don haka kada ta yanke. Wanda ya yini bai ci ba, a nemi likita, kada a jira gobe.

Zafi kuwa saura kaɗan ya yi mana ɓarna. A watan Fabrairu na bar kejinsu ƙarƙashin rumfar kwano na fita. Da azahar muka tarar da Gugguru a miƙe yana haki. Muka kai shi inuwa, muka shafa masa tsumma mai ɗan ruwa, da kyar ya farfaɗo. Laifina ne, kuma kallon da yarinyar ta yi mini ban manta ba. In haka ta faru a Yawunde, 'yan'uwa na Garwa da Marwa sai su yi tunani sosai kafin su saya. A kuma tuna suna kai shekara biyar zuwa bakwai, ba abin wasan mako ɗaya ba ne. Wanda ya haɗa mace da namiji ya shirya: ciki wata biyu da 'yan kwanaki ne, 'ya'yan kuma da gashinsu suke fitowa, ido buɗe.

Yanzu autarmu, wadda da sai an yi da gaske take tashi, ita ke sammako ta yanko ciyawa kafin ta tafi lekol. Jiya kuma na kama Hajiya tsugune gaban keji da yankan kokwamba a hannu.

"Hajiya, aladen ake ciyarwa?"

"Kai, tafi can," in ji ta. "Haƙƙin maƙwabtaka ne."