Jego da Lakca: Ciwon Mara da Dawowar Al'ada Lokacin Shayarwa

Na haifi ɗiyata ana saura sati bakwai mu dawo karatun shekarar ƙarshe. Kwana biyu da haihuwa, duk sanda na sa ta a nono sai marata ta murɗe kamar naƙuda ce ta dawo. Wallahi na tsorata. Ungozomar da ta duba ni ta yi murmushi ta ce, "Mai jego, kwantar da hankalinki, mahaifa ce ke komawa mazauninta." Ni ba 'yar sashen lafiya ba ce, amma ganin yawan masu goyo a ajujuwanmu ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya.

Bayan haihuwa nauyin mahaifa ya kai kusan kilo ɗaya, kuma cikin sati shida take tsukewa ta koma kusan yadda take a da. Idan jariri ya kama nono, jiki na sakin wani sinadari mai suna oksitosin. Shi ke tunkuɗo ruwan nono, shi ne kuma ke sa mahaifa ta matse, abin da ke rage zubar jini. Shi ya sa ciwon ke tashi daidai lokacin shayarwa. Yakan fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, kuma ya fi damun wadda ta taɓa haihuwa fiye da mai haihuwar fari. Yawan zuwa fitsari, ɗora tsumma mai ɗumi a mara, da farasitamol suna sauƙaƙa shi.

Amma fa ba kowane ciwo ake daurewa ba. In jini ya jiƙe audugar mata sharkaf cikin awa ɗaya, ko yana fita da manyan gudaji, ko yana wari, ko ga zazzaɓi da jiri, ko ciwon ƙaruwa yake maimakon raguwa, to a tafi asibiti a ranar. Kar a tsaya jiran sai an yi arba'in.

Jinin biki kuwa daban yake da al'ada. Yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida, ya fara ja, ya koma ruwan ƙasa, sannan ya yi fari-fari. Wadda ba ta shayarwa takan ga al'adarta sati shida zuwa takwas bayan haihuwa. Mai shayarwa kuma wani sinadarin, furolaktin, kan danne fitar ƙwai, don haka wata sai ta yi wata shida, wata ma shekara ba ta gani ba.

A nan ne mu ɗalibai ke ruftawa. Muna jin ana cewa mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki, alhali maganar na da sharaɗi uku: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. In duk ukun sun cika, kariyar ta kai kusan kashi 98 cikin 100. To amma ana so kada tazarar shayarwa ta wuce awa huɗu da rana, shida da dare. Ke da kika fita lakca tun takwas, ba ki dawo ba sai La'asar, an ba yaro ruwa ko madarar gwangwani a gida, ai sharaɗi ya riga ya karye. Ni tawa al'adar ta dawo ɗiyata na wata huɗu, daidai lokacin da fita ta yi mini yawa. Ga kuma abin da ya fi ɗaure kai: ƙwai na iya fita kafin a ga jinin farko, sai a yi kwanika ba a sani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Don haka 'yar'uwa, ranar da kika kai yaro rigakafin sati shida, ki tambayi ma'aikaciyar jinya hanyoyin tazarar haihuwa da ba sa taɓa nono. Ku kuma 'yan'uwa maza masu iyali, ku raka su, a yi shawarar tare. Goyo da ciki da furojet a zango ɗaya, sai wanda ya gani.