FASHIN BAƘI: Ungulaye sun ɓace daga Kano, na'urorin bibiyar su kuma na fama da gara da mafarauta

Dattawan cikin birnin Kano suna tuna lokacin da ungulaye ke jeruwa a kan kukoki da rufin mahauta suna jiran rabonsu. Yau matashi zai iya zagaye ganuwa tun daga Ƙofar Mazugal har Ƙofar Na'isa bai ga ko ɗaya ba. Sanin inda suka tafi aiki ne da ya dogara da wasu ƙananan na'urori, waɗanda su kansu ba su tsira ba.

Da me ake bibiyar tsuntsaye?

Masu bincike, irin na cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos, suna amfani da raga mai laushi don kama tsuntsu a sa masa zobe a ƙafa. Akwai kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, mai ɗaukar hoto da zarar ta ji motsi. Akwai kuma 'yar na'ura mai aiki da hasken rana da ake goya wa babban tsuntsu a baya, tana aika bayanin inda yake ta tauraron ɗan Adam.

Me ke lalata su?

Na'urar da aka bari a daji makonni tana da maƙiya da yawa. Ɓeraye na gwaguyar waya, tururuwa na yin gida cikin akwatin batir, gara kuma na cinye turken da aka kafa. Birai kan fizge kyamara, kura kan tauna ta, shanu kan yaga raga. Kuɗin gyara ba shi ne babbar asara ba: kyamarar da ta mutu a lokacin da tsuntsu ke kwanci ta tafi da bayanin shekara guda, wanda ba ya dawowa.

Sai dai ɓarnar ɗan Adam ta fi ta dabba. A 2013, masana a ƙasar Girka sun goya wa wata farar ungulu na'ura, suka raɗa mata suna Paschalis. Ta ƙetare hamadar Sahara ta sauka a kudancin Jamhuriyar Nijar. A farkon 2014 wani mafarauci daga Najeriya ya kashe ta, na'urar kuma ta ci gaba da aika saƙo har aka ga ta tsallako iyaka. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa an kashe ta ne domin masu sayen sassan ungulu don magani da tsibbu.

Me ya shafi Bakano?

Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. Ita ce ke kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. A Indiya, bayan maganin dabbobi na diclofenac ya hallaka fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu, wani nazari na 2024 ya ƙiyasta cewa rashinsu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

A 2015, ƙungiyar IUCN ta saka ungulun da aka saba gani a garuruwanmu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Najeriya na da dokar kare irin waɗannan halittu tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016, amma doka ba ta aiki idan babu hujja, hujja kuwa daga ƙidaya take fitowa.

Maganin gara da ɓera sananne ne: akwatin ƙarfe, turken ƙarfe da yawan dubawa. Maganin mafarauci kuwa sai hukuma ta tashi tsaye. Tambayar da ta dace matasa su yi wa ma'aikatar muhalli ta Jihar Kano ita ce: nawa aka ware a kasafin bana don ƙidaya da kare tsuntsayen da suka rage?