Ƙyauren da Ke Gardama da Damina

Da damina ta kankama, sai ƙyauren katako ya fara taurin kai, ba ya rufuwa sai an sa masa kafaɗa. Maigida ya ce kafinta ne ya cuce shi, uwargida ta ce ai feshin ruwan sama ne ya jiƙa shi.

Feshi ba shi kaɗai ne dalili ba. Ƙyauren uwar ɗaka, wanda ko ɗigo bai taɓa samu ba, shi ma yana kumbura. Katako cike yake da ramuka ƙanana da ido ba ya gani, kuma yana zuƙar laimar da ke cikin iska. Ruwan kan kutsa tsakanin zaruruwan itacen ya buɗa su. A Kano laimar iska kan haura kashi 70 cikin 100 a watan Agusta, da hunturu kuwa ta faɗo ƙasa da 20. Nan katakon zai amayar da abin da ya sha, ya tsuke. Masu cewa sanyi ne ke tsuke shi sun yi kuskure, bushewa ce.

Ba kowane ɓangare ke motsi daidai ba. Daga ɗanye zuwa busasshe, faɗin katako na iya raguwa da kusan kashi 8, tsawonsa kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Shi ya sa gefe ne ya fi cijewa.

Laifin kafinta fa? Wani lokaci gaskiya ne. Itace ba ya soma tsukewa sai ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kashi 30 ko kusa da haka, don haka wanda ya haɗa ƙyaure da ɗanyen katako, a gidan mai saye zai karkace. Amma ko busasshe ne sai ya motsa. Fenti ma jinkirta shigar laima yake yi, ba ya hanawa, balle da yake masu fenti kan tsallake sama da ƙasan ƙyaure.

Halin ba na katako kaɗai ba ne. A 1783 Saussure, masani ɗan Janiba, ya ƙera ma'aunin laima da gashin mutum, domin gashi na ƙara tsawo cikin danshi. A 1927 wani masani mai suna Meehan ya auna yadda gawayi ke kumbura idan ya zuƙi iskar kabon. Makaɗi bai jira su ba, tun tuni yake gasa fatar ganga a wuta in ta saki.

Wanda ya sa aka kankare gefen ƙyaure da yawa a Agusta, a Janairu ta wannan kafar ƙura za ta riƙa shigo masa.