Itacen da Paul ya hau da baya

A cikin motar haya na fara ganin hoton nan, a wayar wani saurayi, mun taso daga Gusau za mu Tsafe. Daidai Kwatarkwashi ya miƙo mini ya ce, "Baba, dubi ikon Allah." Wani Bature ne na gani ya yi tsalle daga ƙasa, ya dira kan reshen itace kamar tsuntsu.

Baturen nan Paul McCartney ne, ɗaya daga cikin mawaƙan Liverpool huɗu da ake kira Beatles. Ranar 29 ga Agusta 1966 suka yi wasansu na ƙarshe na yawon gari-gari, a San Francisco ta Amurka. Ihun masoya ya kai su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Amma gidajen talabijin ba su haƙura da su ba, don haka hoto ya ci gaba da zuwa a madadinsu. Tun a watan Mayun shekarar an ɗauke su a lambun Chiswick House a Landan.

Hoton da ya fi kama raina shi ne wanda saurayin ya nuna mini, na waƙar Strawberry Fields Forever. A ƙarshen Janairu 1967, cikin tsananin sanyi, suka shiga Knole Park kusa da garin Sevenoaks, makeken fili mai barewa. Mai ba da umarni, Peter Goldmann, mutumin Suwidin ne. Aka girke tsohuwar fiyano a gindin wani busasshen itace, aka ja zaruruwa daga jikinta zuwa rassa, da dare suka kwarara mata fenti. Shi kuwa Paul dirowa ya yi, aka juya hoton da baya. Babu wanda ya motsa baki da sunan rera waƙa. Tafiya kawai suke yi a fili, sautin na bin su, kuma har yau idan na kalla sai tsigar jikina ta tashi. Yaran namu da ke hawa duwatsu da gefen gulbi suna ɗaukar hoton waƙa, ga inda wani reshen sana'arsu ya tsiro.

Ana cikin aikin, John Lennon, ɗaya daga cikin mawaƙan, ya leƙa wani shagon tsofaffin kaya a Sevenoaks, ya sayi takardar tallar wasan dawakai da tsalle-tsalle da aka yi a Rochdale a Fabrairun 1843. Mai wasan, Pablo Fanque, baƙar fata ne haifaffen Norwich, gwanin horar da doki, wanda ya mallaki ayarin wasansa a Ingila ta wancan zamani. Lennon ya kafa takardar a bangon gidansa, ya tsinto kusan duk kalmomin wata sabuwar waƙa daga jikinta, har da sunan Fanque. Ta fito a faifansu na Sgt. Pepper a 1967.

Muna shiga tashar Tsafe na roƙi saurayin ya maimaita mini wurin tsallen. Sau uku ya mayar.