Sayen Gida ko Fili Karo na Farko: Abin da Ya Kamata a Bincika Kafin a Biya Kuɗi

Mallakar gida buri ne na kowane magidanci. Wani yakan yi shekaru yana tara kuɗin aya da gyaɗa da riɗi, wani ya sayar da bisashensa, wani kuma ya haɗa abin da ya samo a cin rani. A gundumomin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji jama'a na ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna cewa jihar Maraɗi na da mutane fiye da miliyan 3 da dubu 400. Garuruwan da ke bakin babbar hanyar kwalta, kamar Gidan Rumji da Caduwa da Agiye da Gazawa, suna ta faɗaɗa, gonakin bakin gari suna komawa filayen gidaje. Saboda haka fili ya yi daraja, rigima a kansa kuma ta yawaita.

Wannan bayani domin wanda bai taɓa sayen gida ba ne. Abu guda za a riƙe tun daga farko: mai sayen gida ba bango da rufi kawai yake saye ba, ikon mallakar ƙasar da gidan ke kanta yake saye. In wannan iko bai tabbata a rubuce ba, kuɗinsa na cikin hatsari, kome kyan ginin.

Fara da lissafin abin da ke hannunka

Kafin ka fita neman gida, zauna da iyalinka ku yi lissafi. Kuɗin gidan ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin takardu, akwai kuma gyara, domin da wuya a sayi tsohon gida a shiga ba a taɓa kome ba. In fili ne, akwai katanga da masai da ɗakin farko.

Kada ka sayar da hatsin da gida zai ci ko irin shuka don cika kuɗin gida. Kada kuma ka sayar da gonar da kake dogara da ita. Gida yana ba da wurin kwana, amma ba ya ba da tuwo. In kuɗin bai cika ba, gara ka sayi fili mai takarda ka riƙa ginawa sannu a hankali, da ka ci bashin da zai hana ka barci.

Duba wurin da damina

Da rani kowane wuri yana da kyau. Damina ce ke nuna gaskiyar fili. In da hali, je ka ga wurin a watan Agusta, kwana ɗaya bayan an yi ruwa mai yawa. Duba inda ruwa ke kwanciya da inda yake bi. In ba damina ba ce, tambayi tsofaffin unguwar: ina ruwa ya tsaya a shekarar da aka yi ruwa mai yawa?

Tarihin yankinmu ya isa ishara. A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya cinye tsohon birnin Maraɗi da ke cikin fadama, har aka mayar da garin bisa tudu, inda yake a yau. Wannan gulbi shi ne ke ratsa ƙasar Tibiri da Gidan Rumji. A daminar 2024 ma ruwa ya rusa gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, an kuma yi hasarar rayuka. Don haka a guji fili cikin kwari, ko bakin tabki, ko kan hanyar ruwa, ko tsohon kududdufi da aka cike da shara. Irin waɗannan filaye sukan yi araha, amma arahar tana da dalili.

Duba kuma nisan wurin da famfo ko rijiya, da makaranta, da likita, da kasuwa. Ka tuna mata da yara ne za su riƙa bin wannan hanya kullum. In kana son lantarki, duba ko turakun NIGELEC sun iso unguwar, kada ka dogara da cewa “an kusa kawowa”.

Duba ginin da idonka

Je da rana, ka tafi da magini wanda ka amince da shi, ba wanda mai gidan ya kawo ba. Ga abubuwan dubawa:

1. Gindin bango. A ginin laka daga nan lalacewa ke farawa. In ƙasan bangon ya zaizaye ko yana da danshi, ruwa na kwanciya a wurin.
2. Tsaga. Ƙaramar tsagar yaɓe ba kome ba ce. Amma tsagar da ta ratsa bango daga sama zuwa ƙasa, musamman a kusurwa, alama ce cewa tushen ginin ya motsa.
3. Sabon yaɓe ko sabon fenti a wuri guda kawai. Tambayi abin da aka rufe da shi.
4. Rufi. In na azara ne, ƙwanƙwasa itacen ka ji ko gara ta cinye cikinsa. In na kwano ne, shiga ɗakin ka rufe ƙofa ka dubi sama. Duk inda haske ya shigo, ruwa ma zai shigo.
5. Indararo da rariya. Ina suke zubar da ruwa? In cikin gidan maƙwabci ne, ka sayi gida tare da rigima.
6. Masai. Duba ko ya kusa cika, da kuma nisansa da rijiya. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a bar tazarar kamar mita 30 tsakaninsu.

Wa ke da ikon sayarwa?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci. Zama a cikin gida ko noma fili ba shi ne mallaka ba. A ƙasarmu mutum na iya riƙe wuri ta hanyar gado, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko haya, ko jingina. Wanda ya samu ta gado ko saye ko kyauta shi ne ke iya sayarwa. Mai aro da mai haya da wanda aka jinginar wa ba su da wannan iko, ko da sun shekara 20 a wurin.

In gidan gado ne, tambaya: an raba gadon? In ba a raba ba, babban wa shi kaɗai ba zai iya sayarwa ba. Ƴaƴa mata na da rabonsu, matar mamaci na da rabonta, marayu ƙanana na da nasu, haka wanda ya tafi bida ƙasar waje. Dole kowa ya yarda, a kuma rubuta yardarsa. Sau da yawa rigima kan taso ne bayan shekaru, ranar da wanda ba ya nan ya dawo.

Akwai kuma wuraren da ba wanda ke da ikon sayar da su. Burtali da makiyaya na jama'a ne, dokar kiwo ta ranar 20 ga watan Mayu 2010 ta kare su. Haka dazuzzukan gwamnati, kamar na Ɗan Kada Dodo da na Ɗan Gado a ƙasar Agiye. Haka filin da aka ware don hanya ko makaranta ko maƙabarta. Wanda ya gina a irin waɗannan wurare, ana iya tashinsa.

Kada ka tsaya ga maganar dillali, domin la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Tambayi maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, kowa shi kaɗai. Sa'an nan ka je wurin mai unguwa ko maigari. Matambayi ba ya ɓata.

Takardun da ya kamata ka sani

Takardar da za ka nema ta danganta da inda wurin yake.

A ƙauye da gonakin karkara, dokar da ke aiki ita ce ta tsarin karkara, mai lamba 93-015, ta ranar 2 ga watan Maris 1993. A ƙarƙashinta aka kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo. Akwai Kofo ta ƙauye wadda maigari ke shugabanta, da ta komin, da ta gunduma wadda ke ƙarƙashin shugaban gunduma. Ana ba da takardar shaidar mallakar gargajiya, da ta sayarwa, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. Kowace da sunanta a samanta. Karanta sunan da kyau, domin takardar jingina ba takardar sayarwa ba ce. Bayan an sa hannu, a tabbata an shigar da cinikin cikin kundin hukumar, don ko taka ta ɓace ko ta ƙone, akwai wata a ajiye.

A cikin gari, inda hukuma ta yanka filaye ta kafa turakun siminti, takardar ita ce wadda ake kira acte de cession da Faransanci, ma'aikatar magajin gari ke bayar da ita. Tana ɗauke da sunan mai fili, da sunan unguwar da aka yanka, da lambar rukunin filayen, da lambar filin kansa, da faɗinsa. Kafin ka biya, ɗauki takardar ka kai ma'aikatar, a duba cikin kundinsu ko sunan da lambar sun dace. Nemi takardar ta ainihi, kada ka yarda da hoton ta. Bayan ciniki, a sauya sunan ya koma naka. In ka bar sunan tsohon mai shi, a idon hukuma filin nasa ne har yanzu.

Takarda mafi ƙarfi ita ce titre foncier, wadda ma'aikatar filaye ta gwamnati ke bayarwa bayan an auna wurin. A shekarar 2006 an sauƙaƙa hanyar samunta da wani tsari da aka sa wa suna Sheda. Wanda ke da hali, ya neme ta.

Auna filin, ka karanta lambobin

Takarda na iya zama ta gaskiya, amma a nuna maka wani fili dabam. Saboda haka a je wurin da ma'aikacin awo na hukuma, ya nuna turakun kusurwa huɗu. A auna a gabanka. Fili mai mita 20 tsawo da mita 20 faɗi, murabba'in mita 400 ke nan. In aka auna aka sami 18 da 20, ya zama 360. An rage maka 40, wato wurin da ya isa ɗakuna biyu.

Kula kuma da yadda ake rubuta kuɗi. Da baki muna ƙirga da dala da jika, a takarda kuwa da faran ake rubutawa. Dala ɗaya faran 5 ce, jika ɗaya faran 1.000. In kun yi ciniki a kan jika 800, abin da za a rubuta shi ne 800.000 F. In aka rubuta 80.000 F, sifiri ɗaya ya faɗi, takardar na cewa jika 80 ka biya. A rubuta kuɗin da lambobi, a kuma rubuta shi da kalmomi.

A wata cibiyar yaƙi da jahilci da nake zagayawa, wani ɗalibi ya kawo takardar filinsa don mu gwada karatu da ita. Da ya kai ga sunan mai fili, sai ya tsaya. Sunan wanda ya sayar masa ne a wurin, shekara uku bayan ciniki. Allah ya sa mutumin na raye kuma mai gaskiya ne, suka je tare aka gyara. Da magadansa ya tarar, da maganar ta yi tsawo.

Ranar biyan kuɗi

Kada a biya da dare, kada a biya a ɓoye. A biya a gaban maigari ko mai unguwa, da shaidu na ɓangarenka da na mai sayarwa. Kowa ya zo da katin ɗan ƙasa, a duba sunan mai sayarwa ya yi daidai da na takarda. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka karanta ba. In da Faransanci aka rubuta, zo da naka mai karatu ya fassara maka layi bayan layi. In biyan kashi-kashi ne, kowane kashi da takardar shaidarsa mai kwanan wata. Wanda ya ce maka “yau ko a ba wani”, bar shi ya ba wani.

Bayan haka, yi hoton takardun, ka sa na ainihi cikin leda a akwatin ƙarfe, nesa da ruwa da gara. Ka sanar da matarka da babban ɗanka inda suke. In fili ne, kada ka bar shi haka nan: kewaye shi ko da darni ne, ka dasa itace.

Ga mata masu saye

Doka ba ta hana mace mallakar gida ko fili ba. Mata da yawa na tara kuɗi ta adashi, ko ta ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991. In da kuɗinki kika saya, sunanki za a rubuta. Mijinki ko wanki na iya raka ki, ya zama shaida. Amma in aka sa sunansa, ranar da ya rasu filin zai shiga cikin gadonsa, a raba da wasu.

In rigima ta taso

Kada ka ɗauki doka a hannunka. A rigimar filin gargajiya ana farawa da sulhu a wurin maigari, in bai yiwu ba a je wurin sarki. A rubuta sakamakon sulhun, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Da wannan takarda ake zuwa gaban alƙali. A kowane mataki, mai takarda da shaidu shi ke da ƙarfin magana.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Su wa ke cikin Kofo ta ƙauyenku, ina kuma ake ajiye kundinta?
2. Waɗanne wurare ne ruwa ke kwanciya a garinku da damina?
3. Rubuta jika 350 da lambobi, yadda za a sa shi a takarda.
4. Fili mai mita 15 da mita 20, murabba'in mita nawa ke nan?
5. Wanda ke da takardar gida ko ta gona ya zo da ita a darasi na gaba, ya karanta sunan da ke kanta.